Binciken Mai Walda

Shekara tara ke nan ina fita daga gida duk ranar Asabar bayan la'asar, in ce wa yara na tafi taron tsofaffin malamai. Ƙarya ce, ta kuma daɗe har ta zama 'yar gida. Matata kaɗai ta san inda nake zuwa. Wani aji ne a wata makarantar firamare a nan unguwar Manawashi, cikin Gombe, wanda hedimasta ya ara mana don Allah, mai gajerun bencina da ke sa gwiwar dattijo ta kusa taɓa haɓarsa. A nan muke haɗuwa, mu da muke karɓar magani a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Babu likita a cikinmu, babu nas. Mu ne marasa lafiyar, mu ne kuma masu jinyar juna.

Nawa ciwon damuwa ne. Ya kama ni ina da shekara arba'in da bakwai, ina koyarwa a wata firamare a unguwar Arawa. Ba mutuwa aka yi mini ba, ba asara na yi ba, haka kawai duniya ta daina yi mini ɗanɗano. Na yi wata bakwai a ɗaki, ko wanka sai matata ta yi da gaske. Duk wanda ya zo dubiya sai a ce masa taifot ne ya ƙi jin magani. Da na miƙe, na ci gaba da riƙe taifot ɗin nan, ban taɓa gyara wa kowa labarin ba.

Wadda ta haɗa mu wata mai sayar da atamfa ce, iyayenta daga Kano suka zo Gombe tun kafin a haife ta. Kowa Adda yake ce mata, har mu da muka girme ta. Ita bayan haihuwarta ta uku nata ya taso. Ta ce ta gaji da ganin fuskoki iri ɗaya a bencin asibiti duk ranar ganin likita, kowa ya zuba wa siminti ido kamar an kawo shi kotu. Rannan ta buɗe jakarta ta fara raba wa mutane gyaɗa, daga gyaɗa aka shiga hira, daga hira aka nemi aji.

Yadda muke yi ba wuya. Mata a bencin hagu, maza a na dama. Idan aka zo kanka sai ka amsa abu uku: yaya barci, yaya cin abinci, yaya shan magani. Bayan nan in kana da abin faɗa ka faɗa, in babu a wuce. Adda ta hana wa'azi, ta kuma hana a ce wa mutum ya yi haƙuri a yi shiru, don a cewarta an ɗura mana haƙuri a gida har ya ginshe mu. Ni na fi kowa shan wahalar wannan doka. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar yana riƙe da alli, ka ce masa ya saurara kawai, ai ka ɗaure shi ne. Sau da yawa nakan gyara murya zan fara bayani, sai in ji ta ce, "Malam, an tashi makaranta." A yi dariya, in haɗiye sauran maganata.

Babbar dokarmu ita ce amana. Abin da aka faɗa a aji, a aji yake kwana. In kun haɗu a kasuwa ko wurin ɗaurin aure, ba ka san mutum ba sai in shi ya fara miƙo maka hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake gaisawa da mutum sau uku a yini. Na taɓa shiga keke ɗaya da wani da ya yi kuka a gabanmu kwana biyu da suka wuce, muka yi tafiyarmu kowa yana kallon gefensa, muka sauka ba ko sannu. Raina ya sosu ranar, amma na san dalilin dokar, kuma ni ma ita ce ta rufa mini asiri.

Mai walda ya shigo mana ne shekara huɗu kafin abin da zan ba da labari. Dogo ne, bai fi shekara talatin ba, yana da shago a bakin titi a Arawa inda yake ƙera ƙofofi da tagogi. Nasa ciwon akasin nawa ne. Ni nakan kwanta ne in kasa tashi, shi kuwa tashi yake ya kasa kwanciya: kwana huɗu, kwana biyar ba barci, surutu ba tsayawa, ya rabar da kayansa a titi. Sau biyu abin ya same shi lokacin da yake koyon sana'a a Kano, na biyun har sai da aka ɗaure shi. Tun da ya dawo Gombe ya kama magani da gaske, abin bai sake tashi ba. Shi ya gyara mana ƙafafun bencinan da suka karye, shi ke kiran duk wanda bai zo ba ya ji ko lafiya. Baffa yake ce mini, yana kuma tsokanata cewa da za a zuba ciwona da nasa a kwano ɗaya a gauraya, da an samu mutum ɗaya daidai. Ina son yaron nan, ba na ɓoyewa.

Ina kuma da amini, wanda ba ruwansa da ajinmu. Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka tun muna kwalejin horon malamai muke zagin juna cikin daɗin rai. Shi ya bar koyarwa da wuri ya koma ma'aikatar filaye, ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Federal Low-Cost. Ba ya kirana da komai sai bawansa, ni ma haka nake mayar masa. Autarsa ni na kai ta makaranta ranar farko, tana kuka tana riƙe da gefen rigata. Lokacin da nake kwance wata bakwai ɗin nan, aminin nan nawa bai taɓa yin mako bai zo ba, kowane zuwa da sabon maganin taifot a leda.

Wata Talata da hantsi ya zo gidana. Bayan mun gama cin mutuncin kakannin juna, ya ce wani ya fito neman autar, yarinyar kuma da alama ta kamu. Yana so in yi masa bincike, tunda yaron ɗan Arawa ne ni kuma na daɗe ina koyarwa a can. Na bugi ƙirji na ce babu gidan da ban san kakansa ba a Arawa, ya bar mini komai. Na riga na yi alkawari kafin in tambayi ko wane ne, kuma har yau ina jin haushin kaina kan wannan gaggawa. Sai ya fara kwatance: mai walda ne, dogo, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, mahaifinsa ya rasu. Nan take na gane yaron ajinmu ne. Na ce masa kamar na san shagon, na miƙe na shiga ciki wai zan kawo ruwa.

Kowa ya san abin da ake tambaya a binciken aure. Asali, sana'a, salla, shaye-shaye, yadda mutum yake da uwarsa. Sai kuma ta ƙarshe, wadda ake rage murya kafin a yi ta: ko akwai wani ciwo a gidan. Ba ciwon kai ake nufi ba. Na ga auren da aka kai kaya aka sa rana, wannan tambaya ta rushe shi a yini ɗaya.

Na yi binciken kamar yadda ake yi. Na je wurin limamin masallacinsu, na je wurin mai unguwa, na zauna teburin mai shayin da ke kusa da shagon, na tambayi mutum biyu da ya yi wa aiki. Babu wanda ya faɗi aibunsa. Liman ya ce sahun farko yake samu da asuba, mai shayi ya ce ko sigari bai taɓa gani a hannunsa ba, ɗaya daga masu ƙofa ya ce aibunsa ɗaya, ba ya rage ciniki. Na rage murya na yi tambayar ƙarshe, kowa ya ce bai taɓa ji ba. Gaskiya suka faɗa. A Kano abin ya faru, a Arawa kuwa daga uwarsa sai yayansa suka sani. Duk garin nan, cikin waɗanda aminina zai iya aikawa, ni kaɗai na san amsar, kuma a aji na ji ta.

Na yi kwana uku ina juya abin. In na koma na ce lafiya lau, na ci amanar mutumin da ya ɗora makomar 'yarsa a hannuna. In na faɗa, na ci amanar aji, na kuma kashe wa yaron aure da bakina. Matata ta lura ina barin tuwo, ta fara kallona irin kallon da ban so, kallon ko abin ne zai dawo. Rana ta huɗu na tafi shagon Adda. Ban ambaci kowa ba, na ce wani ne cikinmu. Tana ninke atamfa tana saurarona, ba ta ko ɗago ba. Da na gama ta ce, "Malam, ba naka ba ne balle ka faɗa. Kuma ba ka da bakin da za ka ce wa abokinka babu komai. Ka je ka ga mai abin." Na ce ai doka ta hana in tunkare shi a waje. Ta ce ita ta kafa dokar, ta ɗage mini ita na yini ɗaya.

Da ya hango ni a ƙofar shagonsa, ya kashe inji ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya tsaya yana kallona. Shekara huɗu muna tare ban taɓa taka wurin ba. Ya ba ni kujera a bayan shago, tsakanin tarin ƙarafa, na gaya masa komai a taƙaice. Da farko murna ya yi. Ya ce Allah ya taimake shi da aka aiko Baffansa, magana ta ƙare. Da ya ga ban yi dariya ba sai fuskarsa ta canja.

Na tambaye shi ko yarinyar ta sani. Ya ce ta sani tun watan farko, har katin asibitinsa ya nuna mata, ita ke tuna masa ranar ganin likita. Ita ce ma ta ce kada a gaya wa babanta, don ta san halinsa. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, amma bai sauke mini nauyin ba, don uban ne ya aike ni, ba 'yar ba.

"Baffa, ai ba ƙarya za ka yi ba," in ji shi. "Ka je ka faɗi abin da liman ya ce, da abin da mai unguwa ya ce. Shi ke nan. Don Allah kada ka sa mini tenshan."

Na ce masa aminina zai dube ni a ido ya tambaye ni ko ni na san wani abu, kuma ba zan iya ce masa a'a ba. Na ce ba zan faɗi sirrinsa ba ko za a yanka ni, amma iyakar abin da zan iya shi ne in janye daga binciken, kuma janyewata kaɗai ta isa ta sa dattijon ya ɗago wani abu. Hanyar da na gani ita ce shi ya je da ƙafarsa ya faɗa. Ya murza tabon hannunsa. Sannan ya ce ashe da ya sani da bai taɓa buɗe baki a ajin nan ba. Maganar ta soke ni. Na dawo gida a ƙafa, ban ma tuna da keke ba.

Na ɗauka ba zai zo ranar Asabar ba. Ya zo, ya zauna nesa da ni. Da aka zo kansa ya ce barci sama-sama, abinci ba laifi, magani yana sha. Sannan da kansa ya zayyana wa aji komai, har da cewa ni ne ɗan binciken. Aji ya rabu. Wata mai kitso ta ce ya je ya faɗa, don ita ɓoyewa aka yi, ƙanwar mijinta ta tsinci magani a durowarta wata biyar da biki, kuma abin da ya kashe auren ba ciwon ba ne, cewa aka yi an yaudare su. Wani dattijo Batangale, tsohon direba, ya ce shi fa bai yarda ba. Ya ce shi ya faɗi gaskiya a wurin aiki da bakinsa, ba a yi mako ba aka karɓe makullin mota, kuma har yau ba wanda ya ba shi lambar yabo. Ya ce mai hawan jini ba ya zuwa gidan surukai da katin asibiti, don me sai mu. Ban iya cewa ya yi kuskure ba, har yanzu ma ba na cewa.

Ni kuwa na gyara murya. Na fara bayani a kan gaskiya, da yadda gida ba ya zama lafiya in an fara shi da ɓoye-ɓoye. Ina jin daɗin maganata sosai. Adda ba ta ce an tashi makaranta ba wannan karon. Ta bari na kai aya, sannan ta tambaye ni a hankali, "Malam, shi abokin naka, ya san naka?"

Ina tura saurayi ya je ya tsaya gaban uban yarinya ya faɗi abin da ni, da furfurata da fanshona, ba abin da zan rasa, na kasa faɗa wa aminina shekara da shekaru. Kunya ta rufe ni, haushin Adda kuma ya kama ni, don ba abin da ya kai a kama malami da laifin da yake wa wasu faɗa a kai. Na ce bai sani ba. Tsohon direban ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Can na ji bakina yana cewa in yaron zai je, zan raka shi, kuma ni zan fara magana. Mai walda ya juyo ya dube ni, karo na farko a ranar. Ya ce zai yi shawara da yarinyar. Kwana biyu bayan nan ya kira ni ya ce ta yi kuka, amma ta yarda.

Ranar Lahadi da hantsi muka je Federal Low-Cost. Ya sa sabuwar shadda, ya riƙo wata 'yar leda. Aminina ya yi mamakin ganinmu tare. Ya ce shi ya aiki bawansa bincike, ga shi bawa ya kamo masa wanda ake binciken gaba ɗaya, wannan wauta sai Fulani. Ban rama ba, daga nan ya gane akwai magana. Muka zauna a falo, yaron a ƙasa kan darduma.

Na shirya jawabi mai tsawo, amma da na buɗe baki gajere ya fito. Na ce masa ciwon da na yi shekarun baya ba taifot ba ne, ciwon damuwa ne, a sashen ƙwaƙwalwa ake duba ni, har yau ina shan magani kowace safiya. Na ce duk Asabar ina zama da wasu irina muna riƙe juna, kuma a can na san wannan yaro. Na ce sauran maganar tasa ce, shi zai yi ta.

Aminina ya dube ni. Sannan ya ce, "Duk magungunan da na riƙa kawo maka fa?" Na ce matata tana karɓa ta yi godiya ta ajiye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba tsoro ba ne, ba ƙyama ba ce, ciwo ya ji, irin na wanda aka bari a ƙofar gida shekara da shekaru yana zaton yana ciki.

Yaron ya yi maganarsa kansa a sunkuye, amma bai tsallake komai ba, har ɗaurin da aka yi masa a Kano. Ya buɗe ledar ya fito da katin asibiti da kwalin magani ya ajiye a gaban dattijon. Ya ce in ana so, ya yarda a je tare a tambayi likitansa. Ya ce, "Baba, ina son ta. Na gwammace ka hana ni kana sane, da ka ba ni ba ka sani ba." Aminina bai taɓa katin ba. Ya ce ya ji, mu je, zai neme mu. Ya raka mu bakin ƙofa, bai zage ni ba, bai ce in gaida gida ba.

Aka yi mako ɗaya shiru, aka yi biyu. Na kira wayarsa sau biyu bai ɗaga ba. Yarinyar ta gaya wa mai walda cewa baban bai ce mata uffan ba, sai dai ya daina cin abinci a falo. Barcin yaron ya fara raguwa, wannan kuwa a wurinsa ba abin wasa ba ne. Aji ya tashi tsaye ba tare da an yi wani taro a kai ba. Tsohon direban, wanda ya ce kada a faɗa, shi ya fi kowa zuwa. Kullum da yamma sai ya ja kujera ya zauna a ƙofar shagon kamar mai jiran a gama masa taga, ya tabbata an rufe da wuri an tafi gida. Adda ta matsa masa ya koma wurin likita kafin ranarsa ta zo, aka ɗan gyara masa magani. Mai kitso tana aika masa da kunun gyaɗa. Ni kuwa kunyarsa nake ji. Na riƙa gaya wa kaina cewa na kashe masa aure, na kashe abotar shekara talatin da ɗoriya, duk don in ji ni mai gaskiya ne. Da aka zo kaina Asabar ta biyu na faɗi haka a aji, na yi hawaye a gaban mata. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Mai walda ne ya taso daga wurinsa ya dawo bencina ya zauna.

A mako na uku, ranar Alhamis bayan azahar, ina kishingiɗe a zaure sai na ji sallamar aminina. Ya rame. Ya zauna a tabarma, ya ƙi ruwa, ya ƙi goro. Ya fara da ni. Ya ce ya yi kwanaki yana tunanin me ya taɓa yi mini da na ɗauke shi mutumin da zai guje ni. Na ce ba abin da ya yi, tsoro ne kawai, kuma na ba shi haƙuri. Ya ce bai huce ba, kada in ɗauka ya huce.

Sannan ya shiga tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana duba takardun fili. Ko abin yana dawowa ko da ana shan magani. Na ce yana iya dawowa, ba zan rufe shi ba. Ko yaron ya taɓa dukan wani. Na ce a iya sanina kansa ya wahalar, bai taɓa kowa ba. Ko 'ya'yansu za su gada. Na ce wannan ya fi ƙarfin sanina, a tambayi likita, kuma na ji likitan ma ba ya yanke hukunci a kai. Ya tambayi alamar farko, na ce barci ne, in ya yi dare biyu bai runtsa ba to a tashi tsaye. Ya ce ya je ya ga yayan yaron, ya kuma zauna da 'yarsa har sau uku, yarinyar ta fi shi taurin kai, kuma ya san inda ta gado shi. Ya juya ya kalli bakin zaure. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ni abin da ke hana ni sakat ɗaya ne," ya ce. "Yarinya ce. In ya yi dare biyun nan bai yi barci ba, tana ita kaɗai da shi a ɗaki, wa za ta kira?"

Na ce ni za ta kira.

"Kai da ni duk mun kusa. In ka mutu fa?"

Na ce, "Mu goma sha huɗu ne a ajin."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya miƙo mini, ya ce in tambaye su, duk wanda ya yarda in sa masa lambarsa, ya kai wa yarinyar. Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya yana neman takalminsa, bai juyo ba ya ce in gaya wa yaron ya turo manyansa ranar Juma'a.